Fitila Shida a Goshin Motar Ƙwai

In ka kai masa mota ka ce fitila ta mutu, ba zai taɓa fitilar ba tukuna. Zai goge hannu da tsumma, ya gyara zaman allin da ke maƙale a bayan kunnensa, ya dube ka kamar kai ne ka lalace, sannan ya ce, "Ina dalili?" Tun yana saurayi maganar ta kama bakinsa, har ta cinye sunan da aka raɗa masa. A layin masu gyaran mota, daga mai faci har mai fenti, kowa Ina-Dalili yake ce masa, masu sauri kuma su ce Dalili. Matarsa ma, da ta shekara ashirin da shida tana kauce wa sunansa na yanka, wannan ba ta jin nauyin faɗarsa, balle in ya tsaya mata a ƙofar kicin yana tambayar abin da ke sa murfin tukunya rawa.

Mai wayarin ne, wato mai gyaran wutar mota. Shagonsa rumfar kwano ce mai zurfi, bango guda wayoyi ne kala-kala a rataye, ɗaya bangon kuma gwangwanayen madara ne cike da fiyus da noti da matattun ƙwayayen fitila waɗanda ya ƙi zubarwa, don har yanzu bai gama gano abin da ya kashe wasunsu ba. Shekara talatin da ɗaya yana shiga motocin mutane yana fita, amma bai iya tuƙi ba. An gwada koya masa sau biyu. Matsalar ita ce da zarar ya ji wani ɗan ƙara a ƙarƙashin sitiyari sai ya sunkuya ya leƙa, motar kuwa tana tafiya.

Wanda ya yi wahalar koyarwar yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha ɗaya tsakaninsu. Dalili yana ɗan shekara bakwai ya kwance tocilan ɗin mahaifinsu don ya ga inda haske yake kwanciya da rana. Da aka tashi neman mai laifi, Yaya ya ce shi ya yar da ita, ya sha bulalar a madadinsa. Bayan rasuwar mahaifin, Yaya ne ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tsohon mai wayarin ya ce, "Ga shi nan. Bai bar komai a ɗaure a gidanmu ba. Ko ku kwa iya koya masa mayarwa." Har yau, da Dalili ya aurar da 'ya biyu, Yaya bai san shi da wani suna ba sai Auta.

Shi Yaya direba ne, da a-kori-kurarsa fara, tasa ta kansa. Aikinsa ɗauko ƙwai daga wata gonar kaji da ke can bayan inda kwalta ta ƙare, tafiyar awa ɗaya da rabi cikin ramuka da yashi da saiwoyi. Ƙwai ba ya son zafin rana, saboda haka sai ta yi sanyi ake lodi, kuma kafin ya kama hanyar dawowa duhu ya fara. Abin da yake taƙama da shi a duniya guda ɗaya ne: shekara goma sha tara a hanyar nan, ƙwan da ya fashe a hannunsa bai cika kiret ba.

Wata safiya ya tsaya a gaban rumfar, ya sauko da kwali a hammata.

"Auta, fitilun motar nan sun tsufa. Ga biyu na sayo, irin na shiga daji. Ɗaura min a kan ƙarfen gaba."

Ƙarfen da yake nufi wani bututu ne mai kaurin damtse, wanda mai waldar da ke maƙwabtaka da Dalili ya lanƙwasa masa ya kafa a goshin motar tun shekarun baya, saboda shanu da kututture.

Dalili ya goge hannu. "Ina dalili, Yaya?"

"Dalilin shi ne ni ne yayanka." Sannan ya ƙara, yana kallon wani wuri. "Shekaranjiya na faɗa wani rami. Kiret huɗu. Ramin ba ya nan a da."

Ya ajiye makulli ya wuce rumfar mai faci, inda ake da benci da rediyo. Yaya bai taɓa tsayawa kallon aiki ba. A ganinsa, tsayawa a kan mai sana'a rashin yarda ne.

Ɗaura fitila a kan ƙarfen gaba aiki ne da wani zai gama kafin shayi ya huce. Dalili wuni yake yi. Ya fara cire kan batir, don ya taɓa ganin motar da aka yi wa walda da wutarta a jone, har yau mai ita ba ya gaida mai waldar. Ya auna ƙarfen da zare ya nemo tsakiya, ya yi alama dama da hagu. Ya sa mai walda ya liƙa wasu 'yan kunnuwan ƙarfe biyu a wurin, nesa da bakin lagireto don kada fitilun su tare wa inji iska. Ƙarƙashin kowace fitila ya shimfiɗa yankin tsohon tiyub, ya ɗaure da noti biyu, ɗaya a kan ɗaya, saboda ya san hanyar gonar nan tana iya kwance haƙorin mutum, balle noti. Wayar da ya ja mai kauri ce, ya sa mata fiyus dab da batir, ya haɗa ta da rile, wato ɗan akwatin nan da ke ɗauke wa makunni nauyin wuta. Inda zai ɗaura wayar jiki kuwa, wato wadda ake haɗawa da jikin mota, sai da ya kankare fenti har ƙarfe ya yi murmushi.

Duk wannan wasu ma suna yi. Abin da ba wanda yake yi a layin sai shi, shi ne shiga sito. A bayan rumfarsa akwai wani tsohon sito dogo marar taga, wanda in an rufe ƙofarsa, tsakar rana ma ba ka ganin tafin hannunka. A nan yake saita haske. Mai walda ne ke shigar masa da motar, ya tsayar da ita taku goma daga bangon ƙurya. Dalili ya auna tsayin fitila daga ƙasa, ya je bango ya ja layi da alli daidai wannan tsayin. Ƙa'idarsa, bakin hasken ya sauka taƙi ɗaya ƙasa da layin. In ya haura, idon masu tahowa kake haskawa. In ya yi ƙasa da yawa, tayarka kake kallo.

Kuma ba ya saita mota fanko, tunda ba fanko za ta yi tafiya ba. Kaya in sun danne baya, goshi ɗagawa yake.

"Hau baya ka zauna," ya ce wa mai walda.

"Yau kuma ni mene ne?"

"Kiret ɗari da ashirin."

"Wancan makon buhun siminti uku ne. Ashe ana ci gaba."

Mai walda mutum ne da Allah ya yi wa yalwar jiki, kuma ya daɗe da karɓar wannan muƙami. Ya hau, motar ta yi ajiyar zuciya, Dalili ya juya sifana har haske ya kwanta inda yake so.

Bayan mako biyu Yaya ya dawo da wani kwalin.

"Waɗancan ba su da ƙarfi. Ƙara biyu."

Abin ya tsaya wa Dalili a rai. Aikinsa ba ya dawowa. Ya gwada batir, lafiya. Ya gwada caji, lafiya. Ya bi waya tun daga tushe har ƙarshe da yatsa kamar mai neman ƙaya a ƙafa, bai ga komai ba. Ya ce a ransa wataƙila na farkon dogon haske ne da su, Yaya kuma gefen hanya yake son gani. Sai ya ɗaura sababbin ya buɗa su kaɗan, ɗaya dama ɗaya hagu.

Da yamma ya koma gida ya tarar da matar Yaya a tsakar gida, ta kawo roba cike da fasasshen ƙwai. Karo na uku ke nan a wata ɗaya. Yaran gidan har sun fara yi wa ƙwai kallon tsohon baƙo.

"Baban yara," ta ce masa bayan sun gaisa, murya ƙasa-ƙasa, "ka gyara masa fitilun nan da kyau. Mai gona ya kira shi. Ya ce yana ganin girmansa, amma in aka sake yi masa ɓarna irin ta makon jiya, zai ba wani hanyar. Ka san yayanka. In aka raba shi da hanyar nan, ban san me zan ajiye a gida ba."

Matar Dalili ta ce, "Ni dai a taimaka. Na soya, na dafa, saura in yi kunu da shi."

Aka yi dariya, amma ta matar Yaya ba ta kai ciki ba.

Wata bai cika ba fitilu suka zama shida. A lokacin ƙarfen gaban ya cika maƙil, sai da mai walda ya ƙara wani a sama. Motar ta zama abin kallo. Mai fenti ya ce in an ɗauke wuta a unguwarsu zai riƙa hayarta. Mai walda ya ce ya haɗu da ita bayan magariba a bakin gari, ya ɗauka rana ce ta yi mantuwa ta dawo, sai da ya sauka daga babur ya jira idonsa ya huce. Dalili yana jin su yana murmushin yaƙe. Shi ya san hasken da ya ɗaura ya isa a tsinci allura a cikin yashi. Amma ƙwai bai daina zuwa gidansa ba.

Sai ya daina tambayar waya, ya koma tambayar motar kanta. Ranar da Yaya ya kawo ta a duba mata hon, ya zagaye ta a hankali, hannu a baya. Duk sababbin ƙujewar da ke jikinta a gefen hagu suke. Ƙarfen gaban ma ta hagu ya ɗan lotsa. Ya leƙa ciki. A jikin sitiyari an ɗaura tsumma, kuma gilashin gaba, daidai fuskar direba, an goge shi an sake gogewa har ya yi wani da'ira mai sheƙi, sauran gilashin kuwa da ƙurarsa. Marfin kare rana a sauke yake, an ma ƙara masa tsawo da kwali da salatif. Mutumin da ke tafiya bayan faɗuwar rana, me zai yi da marfin kare rana?

Ya ɗaga kai ya hango Yaya a bencin mai faci. Wani tsohon abokinsa ya taho, ya tsaya a gabansa yana murmushi. Yaya bai motsa ba sai da mutumin ya yi sallama, sannan ya miƙe da fara'a ya ambaci laƙabinsa. Dalili ya cire allin kunnensa ya juya shi, ya mayar.

Sanin dalili daban, faɗarsa daban. Kwana huɗu yana juya maganar. Ta ina ƙane zai fara? Mutumin da ya sha bulala dominka, ya kai ka sana'a, ya tsaya maka a aurenka, ba ka tare shi a bainar jama'a ka ce masa ga abin da ke damunsa. Matarsa ta lura ya daina tambayar murfin tukunya, har ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Rana ta biyar Yaya ya iso da kwali mafi tsawo, fitila ce doguwa kamar taɓarya.

"Wannan mai shagon ya ce ita ce ƙarshe. Nemo mata wuri."

"To, Yaya. Amma yau sai ka shiga sito da ni. Nauyin direba ma yana canja saiti."

"Ina mai ƙiban naka?"

"Yana da aiki."

Mai walda, wanda ke zaune yana sakace, ya dubi Dalili, ya dubi Yaya, ya tashi ya ɗauki wani ƙarfe ya hau bugu.

Yaya ya shigar da motar da kansa. Dalili ya ja ƙofar kwanon ya rufe. Ƙarfe sha biyu na rana ne, amma a ciki duhu ya yi kauri, sai warin tsohon buhu da ƙarar injin. Ya ce a kunna duka. Fitila shida da na motar biyu suka buɗe, bangon ƙurya ya yi fari fat, har gizo-gizon da ke kusurwa ya tattara ya gudu. Dalili ya taka zuwa bangon, ya juya wa hasken baya.

"Yaya, duba min. Bakin hasken yana saman layin alli ko ƙasa?"

"Daidai yake."

"Daidai kan layin?"

"Na ce maka daidai. Kurma ka zama?"

Babu layi a bangon. Da asuba Dalili ya sa jiƙaƙƙen tsumma ya goge shi tas. Ya tsaya yana kallon inuwarsa, yana jin kunya kamar shi aka kama. Amma akwai sauran abin da bai gane ba, kuma ciwon nan nasa na son sani ya fi kunyar ƙarfi.

"Kashe na saman biyu." Aka kashe. "Yanzu fa, kana ganina?"

"Ina ganin wani abu."

"Kashe na gefe." Aka kashe. "Yanzu?"

Muryar Yaya ta fito a hankali. "Ga ƙafafunka can."

"Kashe sauran, ka bar na motar kawai, ƙaramin haske."

"Ka ɗaga hannu," in ji Yaya. "Na dama."

Dalili ya sauke hannun. Wato duk fitilar da ya ɗaura, ƙara rufe wa Yaya hanya take yi. Wata biyu yana kankare fenti yana ɗaure noti bibbiyu, ashe hazo yake kafa wa ɗan'uwansa a gaban mota, kuma ya kafa shi da kyau yadda ba zai kwance ba.

Ya dawo ya tsaya a tagar direba, ya ce a kashe injin. Duhu ya koma. Sai ya ga ashe magana ta fi sauƙi in ba a ganin fuska.

"Yaya, ka yi min izini in duba wani abu."

Bai jira amsa ba, don ya san in ya jira ba za ta zo ba. Ya kunna 'yar tocilan ɗinsa ya haska idon Yaya ta gefe. A tsakiyar baƙin idon hagu akwai wani fari-fari, na dama ma ya fara. Ya san wannan kamar. Haka gilashin fitila yake yi in ruwa ya shiga ya kwana. Irin wannan ko ka sa mata ƙwan lantarkin da ya fi kowanne ƙarfi, hasken a cikin gilashin yake watsewa, ba ya isa hanya. Ya kashe tocilan.

"Babu layi a bangon, Yaya."

Daga waje ana jin mai walda yana ta dukan ƙarfen da bai yi masa laifin komai ba.

"Tun bara," Yaya ya ce. "Da farko kamar hayaƙi. In mota ta taho sai in ga fitilarta ta yi gashi. Na ce in na fi su haske zan gani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? In je asibiti su rubuta a takarda, mai gona ya ji, shi ke nan. In dawo gida in zauna ina gadin takalman jikoki. Hanyar nan, Auta, ko an ɗaure min ido na san ta."

"Ramukan ne ba su san an ɗaure maka ba," in ji Dalili. "Yaya, tunda nake ban taɓa ƙin aikenka ba. Wannan doguwar ba zan ɗaura ba. Ƙwai in ya fashe a soya. Amma hanyar nan akwai masu dawowa daga gona a ƙasa, akwai masu keke. Ni na ɗaura fitilun nan da hannuna. In wani abu ya faru, da ni a ciki."

"Yau kai ke yi min faɗa."

"A'a. Tambaya nake. Yaushe za mu je?"

Yaya ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Dalili ya ji ƙarar makulli, sannan ya ji an laluba an kamo hannunsa an danƙa masa shi.

"Riƙe. Ba don ka iya komai da shi ba."

Likitar ido ta ce yanar ido ce, a ido biyun, kuma aikin ba mai tsawo ba ne, za a yi ɗaya a huta sannan a yi ɗaya. Da Dalili ya ji cewa wani ɗan gilashi ne a cikin ido ya dushe, za a cire a sa sabo, sai ya gyara zama. Ya tambayi girmansa, ya tambayi abin da ke riƙe shi kada ya kwance, ya tambayi yadda ake saita shi. A tambaya ta tara likitar ta ajiye biro ta ce, "Baba, a cikinku wane ne marar lafiyar?"

Wurin mai gona kuwa Yaya ya ce ba ya son ɗan aike. Ya sa mai walda ya kai shi da rana, ya faɗi komai da bakinsa. Mai gona ya yi faɗa sosai, ba don idon ba, don ɓoyewar. Da ya huce ya ce zai sa wani ya riƙe hanyar wata biyu. In Yaya ya kawo takardar likita cewa ya iya tuƙi, hanyarsa tana nan. In bai kawo ba, sai haƙuri.

Ana saura kwana shida wa'adin ya cika, Yaya ya iso layin a ƙasa, da baƙin tabarau da takarda a aljihun gaba, an ninke ta yadda kowa zai ga hatimin. Tun daga nesa ya fara gaida mutane, kowa da laƙabinsa, kafin su buɗe baki. Ya ce wa mai fenti ashe launin da ya shafa wa ƙofar motarsa bara bai dace da sauran jikin ba. Mai fenti ya ce a mayar da shi asibiti a rage.

Motar tana gefen rumfa inda aka ajiye ta, an lulluɓe ta da tampol. Dalili ya yaye. Yaya ya cire tabarau, ya tsaya a gabanta ya daɗe yana kallon fitilun nan shida, jere biyu, kowace ta zaro ido.

"Haka nake yawo a gari?"

"Haka."

"Kuma ba wanda ya jefe ni?" Ya girgiza kai. "Cire huɗu. Ka bar biyun farko."

Dalili ya ɗauko sifana ya durƙusa a gaban ƙarfen. Notin da ya ɗaure da kansa suka ƙi kwancewa, sai da ya ɗiga musu mai ya sa ƙarfi. Wannan karon Yaya bai tafi bencin mai faci ba. Ya tsaya a kansa, hannu a ƙugu. Dalili ya ɗauka aikin yake kallo, har ya fara bayanin dalilin sa tiyub a ƙarƙashi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Yaushe ka yi furfura haka?"

Dalili ya shafa kansa da bayan hannu, ya bar masa baƙin mai. "Ta kai shekara biyar."

"Ba wanda ya faɗa min," in ji Yaya. Ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna kusa da shi, ya miƙa hannu. "Ba ni notin in riƙe maka, kada ka zubar."